Shafin Cambridge Dictionary da abin da "put off" ta ja mini

Ran wata Litinin oga ya turo mini saƙo a WhatsApp: "The meeting has been put off." Ni kuwa tun ina firamare "put off the light" nake ji, wato kashe fitila. Sai na ɗauka taron ma an kashe shi. Na kira mai abinci na ce ta bar girkin, an fasa. Ran Laraba oga ya leƙo ya ce, "Malam, an gaya wa mai abinci gobe ne ko?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ka ce an soke." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗagawa na ce." Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

A daren na buɗe shafin Cambridge Dictionary a waya, kyauta ne, data kawai yake ci. Na rubuta "put off", ashe ma'anarta ɗage abu zuwa wani lokaci. Sokewa kuma "call off" ce. Kashe fitila a Turancin Ingila "turn off" ko "switch off" ake cewa.

Abin da ya fi burge ni jimlolin misali. A nan na gane ana raba kalmomin biyu: "put it off" ake cewa, ba "put off it" ba, kuma aikatau da ya biyo baya da -ing yake ƙarewa, kamar "put off going". Ga wata ma'ana daban, "put someone off", wato abu ya fitar wa mutum da sha'awa, kamar ƙuda ya faɗa a kunu. Akwai kuma 'yar alamar lasifika, ɗaya lafazin Ingila, ɗaya na Amurka. Na yi ta dannawa har uwargida ta ce in rage murya, yara sun yi barci.

Bayanin dai gaba ɗaya da Turanci yake, don haka ya fi dacewa da mai ɗan tushe. Ƙanena mai shirin WAEC na tura wa, ya ce shi "put up with" ce ke ba shi wuya. Na ce ya duba, haƙuri da abu ne.

Mai abincin kuwa sai da na ƙara mata kuɗin gaggawa daga aljihuna kafin ta ɗora tukunya.