Shekara huɗu ina jan Hilux, ga abin da na gani

Ƙanina ne ya kira ni shekaranjiya wai ya tara 'yan kuɗaɗe yana so ya sayi akori-kura, Yaya ka ba ni shawara tunda kai ka daɗe da taka. Mun fi minti arba'in a waya har katinsa ya ƙare ban gama ba, shi ne nace bari kawai in zauna in rubuta, shi ya karanta, duk wanda yake da irin wannan niyyar shi ma ya karanta.

Tawa Toyota Hilux ce ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, fara, injin fetur 2.7, giyar hannu. Na saye ta farkon 2021, kuma ba Beljiyam ba ce, ta hannu ce, wani kamfanin gine-gine ne ya yi aiki da ita suka gaji suka sayar, ta biyo ta hannun dillalai har ta zo gare ni. Ni mazaunin cikin Kano ne amma noma nake a Kadawa, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani da ruwan da ke zuwa daga dam ɗin Tiga, to kusan kullum ina kan titin Zariya tsakanin gida da Kura. Kafin in saye ta ƙaramar mota gare ni, in zan kai taki sai na nemi ɗan Kanta ko mai kurkura, ka yi ciniki da mutum tun dare yace maka da asuba yana ƙofar gidanka, ƙarfe goma ta yi kana kiran waya a kashe, 'yan aiki kuma na zaune a gona suna jiranka kuɗinsu na tafiya. Wannan takaicin ne ya sa na rufe ido na saye ta.

Maganar ƙarfi dai ba sai na ja zance ba, kowa ya san sunan da motar nan ta yi. Tun 1968 ake ƙera ta, kuma yaƙin Chadi da Libiya na 1987 har yau Yaƙin Toyota ake ce masa saboda irin waɗannan motocin da sojojin Chadi suka dinga keta sahara da su. Amma ni ba labarin yaƙi ne ya sa na yarda da ita ba, wata rana ce a watan Agusta. An kwana ana ruwa, na ɗauko buhu 16 na taki zan shiga da su, hanyar da ke bin gefen kanal ta zama kunu gaba ɗaya, na tarar da wata ƙaramar mota ta nutse har gindi samari sun kewaye ta suna ta tura da ihu. Yaron da ke tare da ni yace Oga mu juya mu dawo gobe. Gobe kuma wani ruwan ne, shinkafar ta riga ta fara yin ɗorawa tana neman taki. Na tsaya cak, na taka kuloci na ja ƙaramin sandan nan na gefen giya zuwa L4, wato fowil mai sa tayoyi huɗun duka su ja da ƙarfi a hankali, na sa giya ɗaya na saki ƙafa a hankali ba tare da na danna totur ba, wallahi haka ta dinga rarrafe cikin taɓon nan kamar sa yana jan garma, laka na fallatsa har kan gilashi, ba ta tsaya ba sai bakin gonata. Da muka sauke takin muka dawo muka ɗaura igiya muka fizgo waccan motar, mai ita dattijo ne ya riƙe hannuna yana ta sa albarka har sai da naji nauyinsa.

Abin da mutane ba su sani ba game da fowil ɗin nan, ba a barinsa a kunne a kan kwalta. Na laka ne da yashi da hawa, da ka fito busasshen titi sai ka mayar H2, wato tayoyin baya biyu kaɗai ke ja, in ba haka ba kana cin taya kana wahalar da giyabos a banza. Na ga masu irin motar da yawa da ba su taɓa taɓa sandan ba tunda suka saya, wasu kuma sun bar shi a ciki wata da watanni.

To sai maganar mai, nan ne ƙanina ya yi shiru a waya. Tankinta na cin kusan lita 80. Lokacin da na saye ta lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, da dubu goma sha uku zuwa sha huɗu zan cika ta maƙil in manta. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu yace tallafi ya tafi, kafin sati ya zagayo lita ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 har dubu ta wuce, kaga cika tanki ɗaya ya koma wajen dubu tamanin. Kuma duk wata akori-kura mai wannan girman ba ta wasa da mai, nauyinta ne haka, in ka ƙara da lodi da AC da cunkoson cikin gari sai ka dinga kallon allura na sauka da idonka. Akwai watannin da na ajiye ta a gida na koma hawa babur don zirga-zirgar gari, sai ranar da akwai kaya sannan in tada ta. Wasu sun ce da na sani in sayi mai dizal, gaskiya ne tana da sauƙin sha kuma ta fi jan kaya, amma dizal ɗin ma tun 2022 ya yi tashin gwauron zabi, sannan injinta ba ya yafe gurɓataccen mai, injekta ɗaya in ta lalace kuɗinta sai ka zauna. Mai fetur ɗin nan kuwa duk bakanike ya san cikinta, sarƙa ce da ita a wajen taimin ba bel ba, ni dai tunda na saya ba a taɓa buɗe kan injin ba, baƙin mai da filta kawai nake canzawa a kan lokaci ba na ɗaga ƙafa.

Ɓarnar da na taɓa yi mata kuwa laifina ne ba na motar ba. Lokacin girbi ne, na yi ciniki da mai saye a Kura yace in kawo kafin la'asar, na ga in na yi sahu biyu ba zan cim masa ba, sai nace a loda buhu 15 na shanshera lokaci guda. Motar da aka ƙera ta ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba, ni na ɗora mata wajen ɗaya da rabi, bayanta ya zauna gabanta ya ɗaga har sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Muna faɗawa wani rami naji ƙas, ganye biyu na sifirin sun karye. A nan muka wuni, na nemi wata motar aka kwashe kayan, kuɗin da zan kashe a sahu na biyu na kashe ninkinsa uku. Bakaniken da ya gyara yace Alhaji in kana so in ƙara mata ganye kamar yadda 'yan haya ke yi, nace a'a, don ƙara ganye ba ya ƙara ƙarfin birki, kuma ba ya ƙara ƙarfin shasi, ruɗin kai ne kawai. Tun daga ranar buhu goma na shinkafa ko ashirin na taki ko siminti, ko waye ya roƙe ni ba na ƙarawa.

Kayan gyara akwai su, wannan yana cikin abin da ya sa nake son ta, ka shiga Ƙofar Ruwa ba abin da za ka nema ka rasa daga fitila har giyabos. Matsalar jabu ce. Na taɓa sayen shokazoba a kwali mai kyau da tambari da komai, wata biyu suka fara yoyon mai. Yanzu ba na zuwa ni kaɗai sai da bakanikena, kuma sau tari na fi yarda da na Beljiyam mai kyau a kan sabon da ban san asalinsa ba. Haka dillalin da ya haɗa ni da motar, mitar da ya nuna min daga baya muka gane an juya ta baya sosai, don haka duk mai saye kar ya kalli lambar mita, ya durƙusa ya leƙa ƙasanta ya duba shasi ko an taɓa walda, ya sa fowil ya ji ko yana shiga, ya tada ta da sanyin safiya ya kalli hayaƙi.

A cikin gari kuma sai ka yi haƙuri da ita. In ba kaya a baya tana da tsalle, Hajiyarmu in zan kai ta asibiti sai na sa buhun yashi biyu a bodin kuma in tafi a hankali saboda bayanta, kujerar baya ma a miƙe take ba ta da daɗin doguwar tafiya. Lungunan cikin birni kuwa akwai waɗanda ba na ma gwadawa, a bakin titi nake ajiyewa in taka. Ga shi farar Hilux a ƙasar nan motar hukuma ce da 'yan siyasa da 'yan kwangila a idon mutane, duk shingen da na zo sai an tsayar da ni ana Ranka ya daɗe, a kasuwa in an gan ni na fito daga cikinta farashi ya canza kenan. Ban son tafiyar dare da ita a hanyoyin da ba su da tsaro, na sa mata na'urar bibiya, kuma ba ta kwana a waje.

Amma abin da ban taɓa lissafawa ba kafin in saya, kuma shi na fi so ƙanina ya gane, shi ne motar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Daga ranar da ta kwana a ƙofar gidana ta zama ta unguwa. Kayan jeren amarya, gado da katifa da kwabet, ni. Ragunan layya daga kasuwar Wudil, ni. Mai tashi daga gidan haya, mai kai bulo fili, 'yan kwamitin masallaci za su ɗauko tabarmi da janareto, lokacin da rijiyar burtsatsen layinmu ta lalace jarkoki talatin-talatin na dinga ɗebowa. Da farko abin ya dame ni don wasu ko kuɗin mai ba sa tunanin bayarwa, sai da na kafa doka, ba na ba da makulli ga kowa, ni zan ja ko yarona, kuma mai hali ya zuba mai. Wasu sun ji haushi sun daina gaishe ni na ɗan lokaci, daga baya suka dawo.

Abu biyu ne ba na karɓar ko sisi kuma ba na cewa a'a, mara lafiya da gawa. Akwai daren da na kwana a ƙauye lokacin girbi, wajen ƙarfe biyu aka buga min ƙofa, maƙwabcin gonata ne jikinsa na rawa yace Malam ka taimaka iyalina ce naƙuda ta zo da gardama tun magariba. Hanyar garinsu babur ma da ƙyar yake bi da damina. Muka kwantar da ita a kujerar baya da mata biyu suna riƙe da ita, shi da ƙaninsa suka hau bodi suna haska min gefen hanya da tocila, ina tuƙi ina jin salatinta ina addu'a a zuciyata kar motar nan ta ba ni kunya. Mun isa asibiti kafin kiran assalatu, da hantsi aka fito aka ce ta sauka lafiya, mace. Yarinyar yanzu tana gudu a bakin gona, duk sanda ta hango motar sai ta taho. Makara kuwa ban san adadin da na ɗauka ba, a kwantar da ƙofar baya a zura ta mutum huɗu su zauna gefe su riƙe, in ja a hankali jama'a na biye har maƙabarta. Mahaifina ma haka ya yi da tsohuwar Fijo 404 ɗinsa lokacin muna yara, zamanin da ake harhaɗa Fijo a Kaduna, sai yanzu nake gane dalilin da ya sa ba ya taɓa barin tankinta ya bushe.

Abu ɗaya da na hana gaba ɗaya shi ne ɗaukar yara a baya a kan babban titi. Ranar sallah za su yanyame ni Baba a kai mu yawo, ina zagaya layi da su a giya ɗaya su yi ihunsu su sauka, amma kwalta a'a, don birki ɗaya ya isa ya watso mutum ƙasa, kuma na taɓa ganin hakan da idona a hanyar Zariya ban son tunawa.

Shi ƙanin nawa ma'aikaci ne, ofis da gida sai kai yara makaranta, gonarsa kadada ɗaya ce a garinmu yana zuwa sau uku a shekara. Nace masa kar ya saya, ya nemi ƙaramar mota mai sauƙin mai, ranar da yake da kaya ya kira ni. Ni kuwa an taya tawa har sau biyu da kuɗin da ya ninka abin da na saye ta, ban sayar ba, jibi ma da asuba zan loda kwandunan tumatir zuwa Kwanar Gafan, sai dai in na dawo dole in canza tayoyin baya don sun fara sulɓi.