Na gwada Govspend a kan ginin ajujuwan unguwarmu, ga yadda na same shi

Jama'a akwai wasu ajujuwa biyu a firamaren unguwarmu da aka kai su linta aka watsar, damina biyu kenan, ba kwano ba ƙofa, bulo har ya fara zaizayewa awaki ne ke kwana a ciki. Duk wanda ka tambaya cikin yaran ɗan majalisa amsarsu ɗaya ce wai Abuja ba ta saki kuɗi ba. To ƙanina da ke bautar ƙasa ne ya ce min yaya ka daina musu da su a majalisar shayi, shiga Govspend, shafin intanet da ke nuna kuɗin da gwamnatin tarayya ta biya, ka gani da idonka.

Shafin na BudgIT ne, ƙungiyar nan ta Legas da aka kafa a 2011 masu bin diddigin kasafin kuɗi, su ne kuma masu Tracka, shirin bin sawun ayyukan gwamnati a unguwanni. Bayanan da suke sawa daga Open Treasury Portal suke ɗaukowa, wanda gwamnatin Buhari ta buɗe a Disambar 2019 inda aka wajabta wa ma'aikatun tarayya su riƙa wallafa duk biyan da ya kai naira miliyan 5. Kyauta ne, data kawai za ka ƙona kuma ba ya cin ta sosai, a waya ta na yi komai.

Da farko na sha wahala amma laifina ne, na rubuta sunan makarantar yadda muke kiranta ban ga komai ba, sai da na koma na ɗauki hoton allon kwangilar da ya karkace a bakin get na kwafi sunan kamfanin harafi da harafi sannan abu ya fito. Wallahi sai da na gyara zama. Ranar biya, adadin kuɗi, hukumar da ta biya, sunan kamfani, da ɗan bayanin aikin duk gasu nan a jere, kuma sau biyu aka biya ba sau ɗaya ba. Abin da ya fi ɗaure min kai hukumar da ta biya kuɗin ba ruwanta da ilimi ko kaɗan, ta harkar noma ce, ashe haka ake cusa ayyukan mazaɓu a kasafin hukumomin da ba wanda zai yi tunanin leƙawa, hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ma ta fara bin sawun irin ayyukan nan tun 2019.

Amma fa kar ka ɗauka shafin zai yi maka komai. Kuɗin da suka fita yake nunawa, ba zai gaya maka buhun siminti nawa aka ce a sa ba ko rodi mai kaurin nawa, wannan sai ka samu takardar kwangilar kanta. Sannan kuɗin tarayya ne, in kwalbatin layinku aikin jiha ne ko ƙaramar hukuma ba nan za ka nema ba. Ga Turanci, bayanin biyan ma irin Turancin akantoci ne mai gajarce-gajarce, mai unguwarmu sai da na zauna na fassara masa layi-layi. Da za a samu na Hausa da an more.

Ni dai na ba shi huɗu cikin biyar. Sunan kamfanin da na samu na kai shi shafin CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, na duba rajistarsa, na yi sikirinshot na tura guruf ɗin unguwa, ranar ba wanda ya yi barci da wuri. Yanzu mun rubuta wa hukumar takarda ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 muna neman kwafin kwangilar da shaidar kammala aiki in akwai, doka ta ba su kwana 7 su amsa, yau kwana uku da kai ta kuma kwafin da aka buga mana hatimi yana hannun shugaban makaranta.