The Outsiders: littafin ya ci kuɗinsa

Jama'a na gama karanta The Outsiders na S.E. Hinton kuma wallahi ya taɓa ni. A 1967 ya fito, marubuciyar ma tana sakandare ta fara rubuta shi, labarin samari ne a garin Tulsa na Amurka, ƴan Greasers talakawa masu shafe gashi da mai, da ƴan Socs ƴaƴan masu kuɗi da ke yawo a mota Mustang suna tare su a hanya suna jibga.

Inda ya fi kama ni shi ne bayan Johnny ɗan Greasers ya kashe Bob ɗan Socs don ceton abokinsa Ponyboy, tauraron labarin, sai ga Randy abokin Bob ya kira Ponyboy cikin motarsa yana cewa shi fa ya gaji da faɗan nan, wai Bob duk gatan da ya samu abin da yake nema kawai iyayensa su ce masa a'a ko sau ɗaya. Nan na ji tausayin Bob, yaron da na tsana tun farko.

Turancin akwai kalmomin ƴan unguwa na da, sai ka ɗan daure a farkon. Kwafin da na saya takardar siririya ce, rubutun ƙanana, amma ba shi da tsawo, babi 12 ne. Masu ƙanne matasa ku saya musu.