Makarantar gwamnati ta intanet ko koyarwar gida zalla: abin da na gani a Ohio

Shekara biyu 'ya'yana suka yi a makarantar gwamnati ta intanet a nan Columbus, jihar Ohio ta Amurka, kafin na cire ƙaramar na ci gaba da koyar da ita da kaina. Yayanta har yanzu yana ciki. Matan da muke haɗuwa a masallaci sun sha tambayata wanne ya fi, to ga abin da idona ya gani.

Hadda ce ta kai mu tun farko. Yaron da zai fita da sassafe ya dawo bayan ƙarfe uku a gajiye, ba ya da sauran ƙarfin tilawa. Sai muka ce bari mu dawo da boko cikin gida.

Alherin makarantar intanet ba ɓoyayye ba ne. Ko sisi ba mu biya ba, domin kuɗin jiha ne ke ɗaukar nauyinta. Sun aiko wa kowane yaro kwamfuta, ga littattafai, ga malamai masu takardar shaidar koyarwa. Malamar lissafin babban ɗana, Allah ya saka mata da alheri, ta fahimtar da shi aljabara yadda ni ba zan iya ba.

Sai dai abin da ban gane da wuri ba shi ne, yaron ɗalibin gwamnati ne, falona kawai aka ara aka mayar aji. Dokar Ohio ta ɗora wa irin waɗannan makarantu awa 920 na karatu a shekara, kuma ana ƙirga su. Yaron da ya yi awa 72 na karatu a jere bai shiga ba, ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, cire shi ake yi. Jarrabawar jiha daga aji uku zuwa takwas wajibi ce, ita kuma ba a gida ake yi ba, sai an kai yaro inda suka tsara.

Ga babba wannan bai zama matsala ba, shi ke buɗe kwamfutarsa ya yi aikinsa. Ƙaramar kuwa, 'yar shekara bakwai a lokacin, sai na zauna kusa da ita daga fari har ƙarshe. Ni ce mai tsaro, ni ce mai shigar da awoyi, ni ce mai lallashi, amma ba ni da ta cewa kan abin da za a koya ko lokacinsa. Da azumi ya zo, darasin kai tsaye na safe bai san mun tashi sahur ba. Ranar da na ga ta kifa kai a kan tebur tana hawaye, malama na ta magana ta cikin kwamfuta ba ta ma lura ba, raina ya sosu ƙwarai. Yarinyar da ke son karatu ta fara tsoron safiya.

Fita ba ta yi wuya ba. Tun gyaran dokar 2023, takarda ɗaya ake aika wa shugaban makarantun gunduma cikin kwana biyar da farawa, sannan a sabunta kowace shekara zuwa 30 ga Agusta. A ciki za ki tabbatar za ki koyar da Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi, tsarin mulki da ilimin zamantakewa. An daina neman rahoton gwajin ƙarshen shekara.

Yanzu bayan asuba hadda muke yi, mu ɗan kwanta, ƙarfe tara mu kama lissafi da karatu. Kafin azahar mun gama abin da a da ke cinye mana yini. Hausarta ma ta miƙe, don da ita nake yi mata bayani idan abu ya shige mata duhu.

Amma kada wata ta ji wannan ta ɗauka hutu ne. Kwamfutarsu mun mayar, manhaja da littattafai daga aljihun maigida suke fitowa, duk da laburaren Columbus yana rage mana nauyi sosai. Abin da ya fi kuɗin nauyi shi ne babu mai duba ni. Idan na bar giɓi a karatunta, ba wanda zai nuna mini sai ya girma. Shi ya sa nake saya mata gwaji duk ƙarshen shekara ko da doka ba ta tilasta ba. Abokan wasa ma sai na tashi na nemo mata, a Islamiyyar ƙarshen mako da haɗuwar iyaye masu koyarwa a gida.

Idan yaronki ya kai sakandare, yana iya zama da kansa, ko ke kina fita aiki, makarantar intanet ta fi miki kwanciyar hankali, takardar kammalawarsa ma daga makaranta za ta fito. Ɗan ƙasa da shekara tara kuwa, tunda dai dole ki zauna da shi, na fi son a ce ke ce malamar. Tawa 'yar zan riƙe ta zuwa aji shida, in Allah ya kai mu sai mu sake zama da mahaifinta mu duba.