Chicago Defender, jaridar da ta cancanci datarka

Masu son tarihi, in kun samu 'yar data ku leƙa shafin Chicago Defender, jaridar baƙaƙen fatan Amurka ce. Nan ƙauyenmu ta wajen Ringim netwok sai da daddare yake zama, to lokacin nake buɗe ta a waya, kuma wallahi ban yi asarar kuɗina ba.

Abin da ya fara kama ni shi ne asalinta. Wani bawan Allah Robert Abbott ne ya kafa ta a 1905 a birnin Chicago da ke arewacin Amurka, jarinsa senti 25 kacal, a kicin ɗin matar da yake haya a gidanta yake haɗa ta, bugun farko kwafi 300 ne kuma duk sati take fitowa. Lokacin nan a kudancin Amurka gungun turawa sai su kama baƙar fata su rataye shi ba shari'a ba komai, jaridun can su yi shiru ko su ɗora wa mamacin laifi, shi kuwa Abbott sai ya buga labarin ɓaro-ɓaro a shafin farko, ya kuma riƙa ce wa mutanensa ku tattara ku taho arewa, ga aiki, ga lokacin tashin jirgin ƙasa. Wasu garuruwan kudu har hana sayar da ita suka yi. To ya ta isa hannun mutane? Baƙaƙen da ke hidima a taragun kwana na kamfanin Pullman a jiragen ƙasa su ke ɗaukar ta a ɓoye su sauke a hanya, kwafi ɗaya ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, a karanta da ƙarfi a shagon aski da coci, kamar dai yadda mai boko ɗaya yake karanta wa 'yan majalisa jarida a gindin darbejiya kowa ya kasa kunne. Haka ta taimaka dubban iyalai suka yi ƙaura.

Abbott ya rasu 1940, ɗan ɗan'uwansa John Sengstacke ya karɓa, a 1956 ta koma ta kullum, daga baya ta dawo mako-mako. A Yulin 2019 suka daina buga takarda, yanzu sai intanet, wannan kam ya sosa min rai don ni ina son abin da zan riƙe in ajiye.

Gaskiya ba kowa za ta yi wa ba. Turanci ce zalla, kuma yawancin labaran yau na Chicago ne, siyasarsu da makarantunsu da kasuwancinsu, manomin da ke neman farashin riɗi a Maigatari ba abin da zai tsinta. Amma ɗaliban koyon aikin jarida da malamai 'yan'uwana masu koyar da tarihi, don Allah ku duba ta, ku kuma nemi tarihin Abbott ku karanta wa yara a aji. Ni na ba ta 8 cikin 10.