Kisan Shekem: Fassarar Bin Maimun ko ta Bin Nahman?

Masu nazarin Attaura suna yawan tambaya wace fassara za su bi kan sura ta 34 ta Littafin Farawa, inda Saminu da Lawi, 'ya'yan Yakubu, suka hallaka mazan Shekem bayan ɗan sarkin garin ya keta mutuncin 'yar'uwarsu Dinatu.

Musa bin Maimun, malamin Yahudawa wanda ya rasu a Masar a 1204, ya ce mutanen garin sun cancanci kisa, domin sun ga laifin amma ba su hukunta mai shi ba, alhali kafa shari'a na cikin dokoki bakwai na 'ya'yan Nuhu, wato waɗanda malaman Yahudawa suka ce sun wajaba a kan dukan 'yan Adam. Hujjarsa tana da tsari, sai dai tana da haɗari, tunda tana ɗora wa jama'a duka alhakin mutum ɗaya.

Musa bin Nahman, malamin Yahudawa na Girona a ƙasar Sifen, ya ƙi amincewa. A ganinsa sakacin hukunta mai laifi ba ya wajabta kisa, kuma da aikin halal ne, da Yakubu bai la'anci fushin 'ya'yansa ba a sura ta 49. Wannan hujja ta fi kusa da nassi a wurina.

Mai binciken nauyin da ke kan al'umma zai fi amfana da Bin Maimun, wanda kuwa iyakar ramuwa ta dame shi, Bin Nahman ya fi dacewa da shi.