Epoxy ɗin toshe yoyon jirgin alminiyam: na gwada shi a nawa, ga yadda na same shi

Wannan epoxy, wato gam mai ruwa biyu da ake sayarwa dan toshe yoyon ƙananan jiragen ruwa na alminiyam yana aiki, wallahi yana aiki, amma fa ba irin aikin da yawancin mutane suke zato ba, wato ka buɗe gwangwani ka shafe ƙasan jirgi shikenan yoyo ya ƙare. Duk wanda ya saye shi da wannan tunanin kuɗinsa kawai zai zubar. Ni na yi amfani da shi ne a kan wani tsohon jirgin kamun kifi mai shafaffen ƙasa, tsawon ƙafa 12, irin wanda aka haɗa da ribit, wato ƙusoshin da ake daddale falan ƙarfe da su, ba walda ba, na tsaya na sake gina shi a gida tun daga ƙasa har bangon baya inda ake ɗaura inji. Akwai sunaye da aka sani a wannan layin irin su Gluvit na Marine-Tex da G/flex na West System, nawa dai na wani kamfani ne daban amma tsarin ɗaya ne, ruwan gam ɗin daban ruwan da ke busar da shi daban, sai ka haɗa su.

Abin da ya sa ake buƙatar irin wannan gam ɗin musamman ba kowane epoxy ba shine jikin jirgin baya zama wuri ɗaya. Falan alminiyam ɗin siriri ne, yawanci samfurin 5052 ake yi da shi, duk igiyar ruwan da ta buge shi sai ya ɗan lanƙwasa ya dawo, ga girgizar inji, ga kuma zafi da sanyi, dan alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. To gam ɗin da ya bushe ƙau babu sassauci tsagewa zai yi ya ɓare ya bar ka inda kake. Wannan kam bayan ya bushe in ka samu ɗan abin da ya daskare a gindin kofi ka lanƙwasa shi zaka ga yana bin hannunka kaɗan kafin ya karye, kuma wannan sassaucin shine ainihin abin da kake biya wa kuɗi.

Kafin ma a taɓa gwangwanin sai an gano inda ruwan yake shiga. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora jirgin a kan katakai masu ƙarfi a busasshen wuri, a zuba ruwa a cikinsa, a shiga ƙasa da alli a hannu, duk ribit ɗin da ya yi gumi ko yake ɗiga a zagaye shi. Amma dan Allah kar a cika shi fal, lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, jirgi mai ƙafa 12 in ruwa ya kai zurfin santimita 10 kawai a cikinsa maganar wajen kilo 300 ake yi, kuma an ƙera shi ne ruwa ya tallafe shi daga waje ba ya riƙe ruwa daga ciki ba, sai ka je neman yoyo ka buɗe sabo. A zuba kaɗan, a karkata shi gefe guda a duba, a karkata ɗayan gefen. Akwai wata alama kuma da ko ruwa ba a zuba ba za a gani, wani baƙin zobe siriri da ke zagaye kan ribit, kana shafawa ya ɓata maka yatsa, wannan garin alminiyam ne da ke fita saboda ribit ɗin yana motsi a cikin raminsa yana cin jikin jirgin.

A nan ne nake so a tsaya a fahimce ni da kyau. Ribit ɗin da ke motsi gam baya gyara shi. Zai toshe na ɗan lokaci, motsin ya ci gaba a ƙarƙashi, watarana ya sake buɗewa sai a ce gam ɗin ne ba kyau. Sai an fara matse shi tukunna, mutum ɗaya ya danna wani ƙarfe mai nauyi a kan ribit ɗin daga waje, ɗayan ya ɗan bubbuga da guduma daga ciki, ba duka na ƙarfi ba, bugu kaɗan kaɗan har ka ga gindin ya ƙara faɗi ya kama. Kunne ma yana gaya maka, wanda ya saki ƙararsa a dusashe take, da ya kama sai ka ji ta koma tsaf. Wanda kansa ya cinye ko ramin ya yi faɗi kuwa ba maganar matsewa, a huda kan da injin huda a fitar da shi a sa sabo. Ni na fi son ribit ɗin alminiyam cikakke wanda ake bugawa, in kuma wurin hannu baya kaiwa ta baya sai a sa irin wanda ake matsawa da bindigar ribit, mai rufaffen gindi, girman milimita 4.8 shi aka fi samu a irin waɗannan jiragen, a tabbata tsinken cikinsa ma alminiyam ne ba baƙin ƙarfe ba. Na bindiga na gama gari mai rami a tsakiya kam ruwa zai bi ta cikinsa ya shigo, kar ma a fara.

Sai gurza. Wannan shine wahalar aikin gaba ɗaya kuma takardar da ke jikin gwangwanin a layi biyu ta gama maganarsa, abin da bai kamata ba. Dole a cire tsohon fenti da datti da duk wani silikon da wani ya taɓa lafta wa a wurin, silikon musamman, ko ɗan kaɗan ya rage babu abin da zai kama a kansa. Buroshin waya na ƙarfe mara tsatsa za a sa, ba na baƙin ƙarfe ba, dan na baƙin ƙarfe yana barin ƙananan ɓarɓashi a jikin alminiyam su zo su yi tsatsa su fara cin wurin. Bayan haka samfefa mai lamba 80 har wurin ya yi fari yana ƙyalli, a goge da asiton, wato ruwan sinadarin da ke cire maiƙo, da tsumma mai tsabta, sannan a shafa gam ɗin ba tare da ɓata lokaci ba, saboda alminiyam da zarar iska ta taɓa shi yake fara yin wata fata siririya a kansa, ita ce ke kare shi daga lalacewa kuma ita ce ke hana gam kamawa da kyau. Dan haka gara a raba aikin gida gida, a gurje yanki a shafe shi a ranar, da a gurje jirgi duka a bar shi sai wani satin.

Wajen haɗawa a bi awon da aka rubuta daidai, ba a yin sa da ido. G/flex na West System ɗaya da ɗaya ne, nawa kuma ruwa ɗaya ya fi ɗayan yawa sosai, kuma ƙara ruwan busarwa baya sa shi saurin bushewa, lalata shi yake yi ya tsaya yana danƙo har abada. A nan ga ƙorafina na farko, babu kofin awo a cikin kwalin, kaman sun ɗauka kowa gwangwanin duka zai juye a lokaci ɗaya, alhali mai gyara a gida kaɗan kaɗan yake haɗawa. Sirinji babba guda biyu na samu, kowane ruwa da nasa, suka raba ni da wannan matsalar. Da ka haɗa shi kuma yana ɗaukar zafi da kansa, in ka bar shi a dunƙule cikin kofi zafin yana ƙara masa sauri sai ka ga ya daskare kana tsakiyar aiki, a juye shi a faffaɗan faranti ya bazu zai ba ka lokaci. A yi aikin a inuwa inda iska ke wucewa, da safar hannu ta roba, dan epoxy yana iya sa fata ƙaiƙayi da kurji kuma in jiki ya fara ƙin sa da wuya ya daina.

Kaurinsa kaman man inji mai nauyi ne, kuma wannan shine alherinsa shine kuma matsalarsa. Alherin shine yana shiga. Na tsaya na kalli wata gaɓa ta tsakiyar ƙasan jirgin inda fale biyu suka hau juna, na ja buroshi a kanta layin ya cika, ina kallo a hankali ya fara nutsewa cikin tsagar har wurin ya yi ɗan kwari, na ƙara ya sake shanyewa, da na leƙa ta ɗayan gefen sai ga ɗigo ya ɓullo a gindin wani ribit, wato ya bi hanyar da ruwan yake bi ke nan har ƙarshenta. Gam mai kauri bazai taɓa yin haka ba, a sama zai zauna. Matsalar kuma a gefen jirgi da ke tsaye zuba yake yi ya bar hawaye hawaye, in ya bushe a haka cire shi aiki ne. Mafita dai a riƙa jingina jirgin ta yadda wurin da ake shafawa zai kwanta, a kuma yi shafi siriri sau biyu maimakon mai kauri sau ɗaya.

Ƙorafi na biyu, rana tana lalata shi, kuma an rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a ƙasan takarda inda ba kowa zai gani ba. Kusan duk epoxy haka yake, in aka bar shi tsirara a rana zai yi rawaya ya fara gari, dole a rufe shi da fenti. Kafin fentin a wanke shi da ruwa dan wani maiƙo maiƙo da yakan fito a kansa bayan ya bushe, a ɗan bi shi da samfefa, inda alminiyam ya rage tsirara kuma a sa fentin farko da aka yi wa alminiyam musamman. Fentin ƙasan jirgi mai jan ƙarfe a ciki kam a nisance shi, jan ƙarfe da alminiyam in suka haɗu da ruwa alminiyam ɗin ne ke cinyewa.

Wannan maganar jan ƙarfen ta shafi katako ma, kuma bari in ɗan fita daga kan gam ɗin dan nan ne na ga ɓarna mafi muni a jirgin. Wanda ya riƙe shi kafin ni ya sa katakon nan mai kore kore da aka jiƙa da maganin ruɓa a bangon baya, shi kuma maganin jan ƙarfe ne a cikinsa, da na cire katakon sai ga farin gari da ƙananan ramuka sun cika falan, wasu in ka haska tocila ta baya haske na fitowa. Ƙananan gam ɗin ya cike su tas, manyan kuwa sai da na sa faci na alminiyam da ribit, tsaga ɗaya a kusurwa kuma mai waldar alminiyam na kai wa, dan tsagar da ke inda inji yake jijjiga ba aikin gam bane ko wane iri ne. Sabon katakon filawud ne mara magani, na shafe shi da ragowar epoxy ɗin ko'ina musamman bakin bakinsa da cikin ramukan noti, a kan katako kam ba ni da abin cewa sai yabo, yana sha ya rufe ruf. Notocin na ƙarfe mara tsatsa ne da ɗan gam ɗin toshe ruwa na kamfanin 3M mai lamba 5200 a kowane rami, shi wannan yakan kai mako kafin ya gama bushewa kuma in ya kama ya kama ke nan, abin da kake tunanin zaka sake kwancewa gara ka sa masa ɗan'uwansa mai lamba 4200.

Wani abu kuma da gam bazai taimaka maka da shi ba shine nauyi. Da yoyo ya tsaya sai sha'awa ta taso, a yi daɓen tsayuwa a gaba, a yi akwatin batir, a sa kujeru masu juyawa, alhali falan filawud cikakke mai kaurin milimita 18 ya kusa kilo 30 shi kaɗai, batir na ƙaramin injin lantarki ma ya haura kilo 20. Ƙaramin jirgi mai kunkuntar ƙasa in ka ɗaga daɓen sama ka tsaya a kai zai riƙa rawa da kai, dan haka ni ƙasa ƙasa na yi nawa da firam na alminiyam, batir a tsakiya, fiyus kusa da shi, kuma ban haɗa wayar lantarki da jikin jirgin ba ko ɗaya. Soson da ke ƙarƙashin kujeru shi ke hana jirgi nutsewa gaba ɗaya in ya cika da ruwa, tsohon ya sha ruwa ya yi nauyi, na canza shi da irin wanda baya shan ruwa, kar wani ya cire nasa dan neman wurin ajiya.

Tun da na mai da shi ruwa ƙasan a bushe yake, gwangwanin kwarfe ruwan yana nan amma sai in an yi ruwan sama nake taɓa shi. Wanda na shafa ta ciki yana nan yadda yake, na waje kuma a gaban jirgin inda nake jan sa kan yashi ya fara gogewa, wannan ba laifin gam bane, duk abin da ka ja a kan yashi zai ci, shi ya sa nake ganin a fi ba cikin muhimmanci, wajen kuma a bi layin ribit da gaɓoɓi kawai ba sai an shafe ƙasan duka ba. Ƙaramin gwangwani ya ishi jirgi irin wannan in haka za a yi.

Kofin da aka haɗa gam ɗin kar a yar da shi nan take, a ajiye shi kusa da jirgin, shi zai nuna ko haɗin ya yi daidai. In ka danna farce a ragowar bai shiga ba to na jikin jirgin ma ya kusa, amma a ƙara masa lokaci dan na jikin siriri ne ya fi jinkirin bushewa, musamman in garin da sanyi, sannan a sake zuba ruwa a ciki a duba da alli kafin a yi fenti.